Dalilin da ya sa muka daina walƙa wa dattawa filas a ido



Tun da hotunan tarukanmu na dare suka canja kama, tambaya biyu ake yawan tare mu da su, mu da aka ɗora wa nauyin ɗaukar hoto. Matasa suna tambayar sunan kyamarar da kuɗinta. Manya kuma tasu ta fi nauyi: kuɗin jama'a ne aka cire daga asusu aka sayo kyamara ɗaya da gilashi ɗaya, alhali kowa yana da waya mai hoto a aljihu, to me ya yi zafi? Tambaya ce mai kyau, kuma wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya ji amsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a tsanake, yadda mai son shiga sana'ar ma zai samu abin tsinta.

Rayuwarmu a nan Kudu rayuwar dare ce. Da rana kowa yana wurin nemansa. Wannan yana Mile 12 cikin tumatir da albasa, wancan yana Apapa yana jiran lodi, wani yana wurin canji, wani yana kara. Ba a samun mutane su zauna sai bayan isha'i. Taron ƙungiya, walima, sulhu, karɓar baƙo daga gida, hira a teburin mai shayi, duk da dare ne. Ga shi a Legas rana ba ta jan jiki wurin faɗuwa: duk tsawon shekara da ƙyar take wuce ƙarfe bakwai, kuma da ta faɗi, cikin rabin awa duhu ya rufe. Ido yana yaudarar mutum a nan, domin yana sabawa da duhu nan da nan, sai ka ga kamar wurin da haske. Kyamara ba ta sabo. A ma'aunin haske da ake kira lux, tsakar rana a fili takan kai 100,000, ɗakin zama kuwa mai ƙwai ɗaya ko biyu bai cika wuce 50 zuwa 100 ba. Bambancin sau dubu ke nan. Rumfar da aka kafa a kan layi aka rataya mata ƙwai uku galibi ko hakan ba ta kaiwa.

A da maganin wannan ɗaya ne, filas. Kowa ya san irin hoton da yake bayarwa: goshi yana ƙyalli saboda gumi, bayan mutum baƙi ƙirin kamar a rami yake, ido a runtse ko a zare. Sannan ga takurar da ke ciki. Dattijo yana tsakiyar magana, ko an ɗaga hannu ana addu'a, sai walƙiya ta faɗo masa a ido sau uku a jere. Wasu sukan yi shiru don kunya, wasu sukan ɗaga hannu su ce, “Yaro, ya isa haka.” Daga nan kuma fuska ta canja, mutum ya ɗaure ya zama na hoto, ainihin shi ya ɓuya.

Abin da muka sayo shi ne Sony a7 III ta hannu, wadda ta fara fitowa a 2018, da gilashi mai tsawon 85mm wanda ƙofarsa ke buɗewa har f/1.8. A cikin biyun nan gilashin ne jigo, don haka bari mu fara da shi. Lambar nan da ake rubutawa bayan harafin f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Ana samunta ne idan aka raba tsawon gilashi da faɗin ƙofar. Namu 85 ne, a raba da 1.8, ƙofar ta kai kusan milimita 47. Gilashin da ake haɗo wa mutum tare da sabuwar kyamara, irin 18-55mm ɗin nan, idan ka jawo shi ƙarshe don ɗaukar fuska yana tsayawa ne a f/5.6. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da ke shiga ya ninka kusan sau goma. Ga yadda hakan yake a aikace. A rumfar da mai f/5.6 zai bar labulen kyamara a buɗe na kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa kafin haske ya ishe shi, mu kashi ɗaya cikin 160 ya wadatar. A 1/15 ko gyaɗa kai mutum ya yi, fuskarsa ta goge. A 1/160 yana magana yana nuni da hannu za ka kama shi tar.

Ita kuma kyamarar, ana ce mata marar madubi ne saboda irin na da, manyan Canon da Nikon da masu hoton biki ke ratayawa, suna da madubi a ciki mai karkatar da haske zuwa tagar leƙe. Idan ka danna, sai madubin ya ɗaga da ƙara, hoto ya shiga, ya koma. A 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1 wadda ta cire madubin, ta sa ɗan ƙaramin allo a cikin tagar. Sony ta kawo tsarin ga babbar sensa a 2013, Canon da Nikon suka biyo baya da nasu a 2018. Amfanin wannan da dare babba ne. A tsohuwar kyamara abin da idonka ke gani shi kake gani ta taga, wato duhu, sai ka danna sannan ka duba baya ka ga abin da ya fito. A wannan kuwa hoton da zai fito shi ne a gabanka tun kafin ka danna. Idan fuska ta yi duhu kana gani, ka murɗa ka ƙara haske kana kallo tana washewa. Sannan tana neman idon mutum da kanta ta ɗora saiti a kansa, tana kuma da na'urar da ke rage rawar hannu. Sai dai a lura, rawar hannunka take ragewa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Wanda ya dogara da ita ya sauko 1/20 zai samu kujera da bango sun fito tsaf, mai kujerar kuma ya zama hayaƙi.

Yanzu maganar waya, kuma za mu yi mata adalci. Wayoyin yanzu suna abin mamaki da dare. Suna ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin daƙiƙa biyu ko uku su haɗe su wuri ɗaya, sai ka ga gini ko kwanon abinci ya fito fes. Amma mutum ba gini ba ne, ba ya tsayawa cak. Kuma sensar waya ƙarama ce. Tamu tana da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi. Ko wayoyin da ake yabo da babbar sensa, mai 13.2 da 8.8, tamu ta ninka tasu fili sama da sau bakwai, yawancin wayoyin da ke hannun jama'a kuwa ba su kai nan ba. Da haske ya yi ƙaranci, hoton waya yakan cika da yashi-yashi, sai manhajar ciki ta shafe yashin. Matsalar ita ce ba ta bambanta yashi da fatar mutum. Tana shafe tamoji, ta shafe furfurar gemu ta zama kamar auduga, wasu wayoyin ma har ƙara wa mutum fari suke yi ba a tambaye su ba.

Wannan shi ne ainihin abin da ya sa muka nace a sayi kayan nan. Ku dubi fuskokin dattawanmu na zango. Akwai Bagobiri da zanensa daga gefen baki har kunne, akwai Babarbare da nasa dogaye, akwai masu bille, akwai masu 'yar baka. Fuskar mutum tana gaya maka garin da ya baro shekara arba'in ko hamsin da suka wuce. 'Ya'yansu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Obalende yawanci ba su da shi, jikoki kuwa ba a ma maganarsu, balle dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Ba muna cewa a dawo da al'adar ba ne. Muna cewa ne waɗannan fuskoki su ne na ƙarshe, kuma duk shekara sai mun raka wasu makwanci. Sau nawa aka yi rasuwa aka zo neman hoton mamaci, aka rasa sai na katin zaɓe, ko wani da aka yanko daga hoton taro wanda ko 'ya'yansa sai sun ƙura ido? Filas da ke saman kyamara yana dukan fuska daga gaba, ya cike kowane rami da haske, zane ya baje. Waya ta shafe shi. Abin da ke fito da shi shi ne haske mai zuwa daga gefe, mai laushi, irin wanda fitila ɗaya a jikin bango ke bayarwa, sai gilashin da zai iya wadatuwa da wannan ɗan hasken.

To amma babbar ƙofa tana da nata sharaɗi. Duk yadda ka buɗe ta, haka wurin da zai fito tar yake ƙanƙancewa. Da 85mm a f/1.8, idan mutum yana nesa da kai mita biyu, abin da zai fito da kyau bai wuce kaurin santimita shida ba. Ka matso mita ɗaya da rabi, ya koma kamar uku. Wato idan ya ɗan juya, idon da ke kusa da kai zai fito, ɗayan ya fara narkewa, kunne da bayan hula kuwa sun tafi. Wannan narkewar ita ce mutane ke sha'awa, domin tana ɓatar da kujerun roba da wayoyin lantarki da jarkokin da ke bayan mutum, ƙwayayen fitila su koma wasu dunƙule-dunƙule masu kyau. Amma idan saiti ya faɗa kan hanci ko bakin hula maimakon ido, hoton ya tashi aiki, kuma babu gyara. Akwai wani fim na Stanley Kubrick mai suna Barry Lyndon da ya fito a 1975, wanda aka ɗauki wasu sassansa da hasken kyandir kawai, da gilashin Zeiss mai f/0.7 da asali aka ƙera wa hukumar sararin samaniyar Amurka. Dole 'yan wasan suka riƙa takatsantsan da motsi don kada su fita daga saiti. Mu ba mu da ikon ce wa Sarkin Hausawa kada ya motsa, don haka sai dabara: mu ja baya zuwa mita uku, inda kaurin ya kai kusan santimita goma sha uku, ko mu ɗan rufe ƙofar zuwa f/2.2, mu ɗauki uku ko huɗu a jere mu zaɓi ɗaya.

Mai neman idon nan ma yana da inda yake rikicewa a wurinmu. Yana gane fuska ne da ido da hanci da baki. Mai rawani ya ja amawali ya rufe baki, ko amarya ta sauke mayafi, ko tabarau ya ɗauki ƙyallin fitila, sai ka ga akwatin saitin yana yawo, ya je ya kama wani yaro a baya. A irin wannan sai mu kashe shi, mu ɗora ɗigo ɗaya da hannu a kan idon da ya fi kusa.

Sai babbar magana, farar riga da baƙar fata. Ma'aunin hasken da ke cikin kowace kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Mu kuma mutanenmu ba su da kayan fita kamar farar shadda. Idan babbar riga fara ta cika rabin hoto, kyamara sai ta ɗauka wurin ya cika haske, ta rage. Rigar ta koma toka-toka, fuskar mai ita ta nutse. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin hoto. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Wata malama a jami'ar Concordia ta Kanada, Lorna Roth, ta yi rubutu a kan wannan a 2009, inda ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ya riƙa fito da launin ƙasa-ƙasa da kyau har da ƙorafin masu sayar da kayan katako da masu cakulan. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Kyamarorin yanzu sun wuce nan nesa, amma ma'aunin bai san wane ne mai muhimmanci a hoto ba, kai ne za ka gaya masa. Mu fuska muke aunawa. Mukan ƙara haske mataki ɗaya, wani lokaci har da ɗoriya, har sai fatar ta fito da launinta na gaskiya, muna lura da layukan gargaɗi da kyamara ke zanawa a kan rigar don kada aikin wuyan ya ƙone ya zama fari fat. Akwai masu cewa a ɗauka da duhu a ƙara haske daga baya a kwamfuta. Ga mai farar fata wataƙila hakan ya wuce. Ga namu mutanen, fuskar ita ce a ɓangaren duhun, don haka duk yashin da za a tono a kanta zai zauna. Shi ya sa muke ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye duk abin da sensa ta gani, ya ba mu damar dawo da rigar kaɗan ba tare da an taɓa fuska ba.

ISO kuma, wato ƙarfin da ake ƙara wa abin da sensa ta kama, ba ma jin tsoronsa. 3200 da 6400 abincinmu ne na kullum, idan ta kama mu hau 12800. Hoto mai ɗan yashi wanda ido ya fito tar ya fi mai santsi wanda ya girgiza, kuma idan an wanke shi a takarda yashin ba ya ko bayyana sosai.

Akwai abin da ya fi duk wannan arha, kuma shi muka fi so matasa su riƙe. Haske yana raguwa ne da ninkin nisa sau kansa. Wanda ke zaune mita huɗu daga fitila, idan ka matso da kujerarsa mita biyu, hasken fuskarsa ya ninka sau huɗu. Kwatanta da wannan: gilashin 85mm mai f/1.4, wanda kuɗinsa ya ninka namu, nauyinsa gram 820 a kan namu 371, ƙarin hasken da yake bayarwa bai kai ninki biyu ba. Wato “Baba, don Allah a ɗan matso nan kusa da fitila” ta fi gilashin dubban ɗaruruwa aiki. Shi ya sa mukan riga kowa zuwa wurin taro, mu duba inda ƙwai yake, mu roƙi masu jera kujeru su sa na manya ta inda haske zai zo musu daga gaba da ɗan gefe. Ƙwan da ke saman kai tsaye shi ne mafi muni, yana mayar da ido rami, hula ta yi wa goshi inuwa. Fitilar caji ɗaya a kan tebur, a jingina ta ta haska farin bango hasken ya dawo, ta isa. Wani lokaci farar rigar wanda ke zaune kusa ita ke mayar da haske ta cike ɗaya kuncin. Mafi kyawun hotunan da muke da su a teburin mai shayi da bakin tukubar mai tsire aka ɗauke su, inda wuta ke ƙasa tana ba fata wani ja-ja mai daɗi.

Wutar lantarki ma tana da nata halin. A Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka fitilu da yawa, musamman ƙananan LED masu arha da dogayen ƙwai, suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, kyamara tana gani. Idan ka sa ta a yanayin shiru, wanda ba ta ƙara ko kaɗan, sensa tana karanta hoton ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, sai ƙiftawar ta fito kamar zanen tabarma, duhu da haske a jere a kan fuskar mutum. Maganinsa shi ne a tsaya a 1/100 ko 1/50, waɗanda suka yi daidai da bugun wutar, ko a koma labule na ƙarfe a kunna maganin ƙiftawa. Masu koyo daga bidiyon Amurka su kula, can wutarsu 60 ce, lambobinsu ba namu ba ne. Idan kuma aka ɗauke wuta aka tayar da ƙaramin janareto, lissafi ya sake, domin bugunsa yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Da an jona firiza ko manyan sifiku sai ka ji muryarsa ta canja, to haka ma hasken. A nan babu wata lamba da za ka dogara da ita, sai ka ɗauki gwaji ka duba, ka sake dubawa bayan ɗan lokaci.

Launi kuma a taƙaice: farin LED mai kusan 6500K yana sa baƙar fata ta yi fari-fari kamar an shafa toka, tsohon ƙwai mai ja kusan 2700K yana ɗumama ta. Idan sun haɗu a wuri ɗaya, wanda ke kan fuska muke bi, bango ya yi yadda ya ga dama. Fitilun dina masu juyawa shuɗi da shunayya kuwa ba su da magani, sai a jira farin ya zagayo, ko a mayar da hoton baƙi da fari.

Kada a ɗauka mun yi hannun riga da filas gaba ɗaya. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016, da filas ya ɗauki rayuwar dare ta matasan Mali a shekarun 1960, kuma hotunan nan su suka kai shi ga samun babbar lambar girmamawa a Venice a 2007. A wurin rawa da guje-gujen yara filas yana da rana. Haka hoton jama'a. Ba a jera mutum ashirin sahu uku a ɗauke su a f/1.8, sahun gaba ne kawai zai fito, kuma ba za ka rasa Alhajin sahun baya da zai tambaye ka abin da ya yi maka ba. Wannan sai f/5.6, a harba filas sama ya daki silin ko farar rumfa ya sauko a hankali. In da hali ma a yi shi kafin magariba.

Ga mai shirin saye, ba dole sai irin tamu ba. Kyamarori masu matsakaiciyar sensa, irin Sony a6400 ko na Fujifilm, suna aiki sosai, sai dai a tuna suna ninka tsawon gilashi sau ɗaya da rabi. A kansu 56mm shi ne daidai da 85mm namu, kuma Sigma tana da 56mm f/1.4 mai sauƙin kuɗi. A yi la'akari da ɗaki kuma. Da 85mm kafin ka ɗauki mutum daga hula har takalmi sai ka ja baya kusan mita biyar, ɗakunanmu na haya kuwa kowa ya san girmansu. Mai yawan aiki a cikin gida 50mm f/1.8 ya fi masa, shi ne ma mafi arha a kusan kowane kamfani. Idan kuɗi bai kai ba, a rage a jikin kyamara a ƙara a gilashi. Farashi ba za mu faɗa ba, domin da dala yake tafiya, 'yan'uwanmu na canji sun fi mu sanin yadda take kwana. Wanda zai shiga Ikeja neman ta hannu ya tafi da wanda ya sani, ya duba adadin hotunan da labulen ya taɓa ɗauka, ya haska tocilan waya ta cikin gilashin ya duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo-gizo, wannan fumfuna ce. Ya kuma gwada saiti a lungu mai duhu, ba a bakin shago cikin rana ba. Batir biyu ne mafi ƙaranci, domin allon da ke cikin taga yana shan wuta muddin kyamara tana kunne.

Fumfunar nan ita ce babbar abokiyar gabar gilashi a Legas. A gida Arewa ƙurar hunturu ake tsoro, a nan laima ce. Gilashin da aka bari cikin jaka a ƙarƙashin gado damina ɗaya zai iya kamuwa. Tamu tana kwana a roba mai murfi da ƙullin sinadarin nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Idan an fito da ita daga mota mai sanyi, mukan ba ta minti goma gumin gilashin ya bushe kafin a fara aiki. Kuma tunda babu madubi a gaban sensa, da ka cire gilashi a tsirara take, ba a canja shi a bakin titi.

Shirun kyamarar nan da tsawon gilashinta suna ba mutum damar ɗaukar wanda bai san ana ɗaukarsa ba daga nesa, cikin duhu. Filas aƙalla yana sanar da kai. Don haka muka sa wa kanmu ƙa'ida: a farkon kowane taro za a sanar cewa akwai mai hoto, wanda ba ya so ya ɗaga hannu. Wurin mata, kamu ko sa lalle ko wuni, 'yar'uwarmu da ke cikin kwamiti ita ke shiga da kyamarar, katin kuma a hannun masu biki yake ƙarewa, babu abin da zai fita waje sai wanda suka zaɓa da kansu. Hoton mutum yana cin abinci, ko yana gyangyaɗi, ko ana ba shi taimako, ba ma ajiye shi.

Masu karɓar hoto ta WhatsApp su riƙa cewa a turo musu a matsayin fayil, domin idan aka tura ta hanyar da aka saba yana matse shi, kuma hoton dare shi ya fi jin jiki. Wanda ya fi muhimmanci a wanke shi a takarda, waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Daga wannan wata za mu fara bin dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowane mako mutum biyu ko uku, bayan isha'i, a ƙofar gidansu ko inda suka saba zama. Ba ma buƙatar komai sai kujera, da bango mai haske, da minti goma sha biyar. Za mu zo da fitilarmu. Za a rubuta sunan mutum, da garinsu, da shekarar da ya sauka Ikko, a haɗa da hoton, a ba iyalinsa kwafi ɗaya a ajiye ɗaya a ofis. Iyayenmu mata ma haka, ta hannun 'yar'uwarmu, ga wadda ta amince. Duk mai dattijo a gida ko a layinsu ya sanar da sakatare, kuma a fara ba mu sunayen waɗanda suka fi shekaru da marasa lafiya.